Makaɗin Wa Ne? Tarihin Yadda Mawaƙanmu Suka Faɗa Fim

Gabatarwa

A wani hutu da ya wuce na je gaisuwa Janbako, cikin ƙasar Maradun. Da la'asar sakaliya muna zaune a ƙofar gida, ga wani dattijo a kan buzunsa yana jan carbi, ga samari a gefe sun haɗa kai wuri guda suna kallon fim a wayar hannu. Can sai wata murya ta tashi daga cikin wayar, siririya, tana rawa kamar ta mai jin sanyi. Dattijo ya ɗago kai ya ce, "Kai, wanga mai kuka, mi ya same shi?"

Wani yaro ya ce, "Baba, ai ba kuka ba ne, waƙa ce. Mawaƙi ne babba, kuma shi ne jarumin fim ɗin."

Dattijo ya ce, "To, makaɗin wa na?"

Yaro ya ce, "Ba na kowa ba ne, Baba. Zaman kansa yake yi."

Dattijo ya yi shiru, ya ja carbi biyu, sannan ya ce, "Ashe maraya na. Allah shi ba shi ubangida."

Samari suka bushe da dariya, ni ma na taya su. Amma da na koma makaranta sai na ga tambayar nan ta ƙi barina. A wurin dattijon, mawaƙi ba shi da suna sai an haɗa shi da na wani. A wurin samarin kuwa, mawaƙin shi ne sarkin, shi ne makaɗin, shi ne kuma dokin da aka hau. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka taso daga can aka iso nan, da abin da aka samu, da abin da aka zubar a hanya.

Ƙasar Makaɗa

Mai karatu ya sani cewa dattijon nan yana da hujjar yin tambayarsa, domin ƙasar da yake zaune a cikinta gidan kiɗan fada ce. Daga Janbako, duk inda mutum ya juya zai ci karo da garin wani shahararren makaɗi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda, ya yi aiki tare da wansa Kurna, gidansu kuma ya zama na makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun. Sa'idu Faru, wanda ake kira Malamin Waƙa, mutumin Faru ne a ƙasar Maradun, kuma ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana hakimin Talatar Mafara, wato tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Idan aka ƙara nausawa arewa za a tarar da Isa, inda Ibrahim Narambaɗa ya yi zamani a fadar Sarkin Gobir Amadu. Dukkansu ukun kotso suka kaɗa.

To, abin lura a nan shi ne, ko wanne daga cikinsu aka ambata sai an ambaci ubangidansa. Sana'ar makaɗin fada ita ce ɗaukaka sunan wani. Yakan zo da 'yan amshinsa da makaɗansa da sanƙiransa, ya durƙusa a gaban sarki, ya jero asali da nasaba da jaruntaka, ya yi wa abokan hamayyar ubangidansa zambo. Sakamakonsa doki ne, da riga, da hatsi, wani lokaci har da kujerar Makka. Ko da sunan Ɗanƙwairo ya game ƙasa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi wa waƙoƙi kafin a kashe shi a Janairun 1966, sunan Sardauna ne a gaba, nasa yana biye.

Kada kuma a ɗauka waɗannan mutane ba su iya wasan kwaikwayo ba. Duk wanda ya saurari zambon makaɗan fada ya san cewa da baki kawai suke zana mutum, a ga tafiyarsa, da naɗin rawaninsa, da rowarsa, da yadda yake zare ido idan an zo rabon gado, ba tare da an faɗi sunansa ba. Jama'a su yi ta dariya, wanda aka yi dominsa ya sunkuyar da kai. Fim ne sosai, sai dai a kunne ake kallonsa. Lokacin da gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, makaɗa irin su Ɗanƙwairo da Mamman Shata sun samu hanyar shiga gidajen mutane da muryarsu, daga baya har da fuskarsu. Amma da kyamara ta haska su, su ɗin dai ta gani: babbar riga, da hula, da 'yan amshi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, ba da shigar ɗan sarki mai neman aure aka san su ba, balle ta ɗan makaranta mai kuka a gindin bishiya.

Daga Majigi Zuwa Indiya

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce majigi, wato motar gwamnati da take yawo gari gari tana nuna wa talakawa yadda ake noman auduga da tsabtar gida da biyan haraji. Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kuɗi. A Kano an buɗe Rex a 1937, aka buɗe Palace a cikin birni a 1951, abin da ya jawo surutu ƙwarai daga malamai da dattawa. 'Yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan, su ne suka riƙe harkar, kuma su ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya, suka ga jama'a sun fi son su a kan na Amurka. Dalili kuwa a fili yake: ga auren dole, ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ga biyayya ga iyaye, ga talaka da mai kuɗi, duk abubuwan da Bahaushe ya sani. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan ƙauna.

Sai dai fim ɗin Indiya ya zo da wata dabara wadda ita ce tushen zancenmu. Tun daga fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara, a 1931, waƙa ta zama gishirin fim. Ba a daɗe ba suka gane cewa mai kyan fuska ba lalle ne ya iya waƙa ba, mai zaƙin murya kuma ba lalle ne a so kallonsa ba. Saboda haka suka raba aikin biyu. Mawaƙi ya shiga ɗaki ya rera, a ɗauka a faifai, ɗan wasa kuma ya fito fili yana motsa baki. Ta haka Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi suka yi shekaru aru-aru suna waƙa da bakunan wasu. Mutanenmu da yawa sun haddace muryoyinsu, amma da za su gamu da su a kasuwar Mafara ba za su ce musu sannu ba.

Wasu ƙasashen kuma suka bi ta ɗaya hanyar, wato a ɗauko mawaƙin da ya riga ya yi suna a sa shi a fim, ko ya iya ko bai iya ba. A Masar, Ummu Kulsum ta fito a finafinai 6 tsakanin 1936 da 1947, daga nan ta tattara ta koma kan waƙarta, ba ta sake ba har ta rasu a 1975. A Amurka, Elvis Presley ya fito a finafinai 31 tsakanin 1956 da 1969. Yawancinsu labari ɗaya ne aka yi ta sauya masa riga: saurayi mai jita, da 'yan mata, da ɗan faɗa kaɗan, sai waƙa. Kuɗi sun shigo, amma masu nazari suka yi ta yi masa ba'a, waƙarsa kuma ta yi sanyi, sai da ya koma gaban jama'a a wani shirin talabijin a 1968 sannan martabarsa ta dawo. Ashe ciwon da muke gani yau tsoho ne, kuma ba a kanmu aka fara ba.

Murya a Ɗaki, Fuska a Fili

Finafinan Hausa na farko ba su ɗauki wannan hanya ba. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labari ne na tarihi. Wasannin talabijin irin su Samanja na Usman Baba Pategi, da na Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Jos, da magana da barkwanci suka riƙe mutane. Canji ya zo ne da kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne farkon fim ɗin Hausa na kasuwa. Kafin shekara 10 ta cika harka ta bunƙasa, har mujallar Tauraruwa ta laƙaba mata suna Kannywood a 1999. A daidai wannan lokaci ne fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta cika gari, 'yan kasuwa kuma suka ɗauki darasi: fim ba waƙa, kaya ne da za su kwana a shago.

Daga nan aka ɗauko dabarar Indiya ɗungurungum. Aka ajiye kotso da kalangu, aka kawo fiyano mai kwaikwayon kowane irin kiɗa. Mawaƙi da mawaƙiya su shiga situdiyo su rera, jarumi da jaruma su tafi lambu su yi ta zagaya bishiya suna motsa baki. Har ta kai ana fara yin waƙa, sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Wani lokaci ma tallar fim takan fito da waƙarta tun ba a rubuta labarin ba, wato an sayi linzami kafin doki.

A nan ne mawaƙi ya ga ta kansa. Makaɗin fada, ko da yake sunan wani yake ɗaukakawa, kowa ya san muryarsa tasa ce, kuma a gaban jama'a ake miƙa masa kyautarsa. Mawaƙin fim kuwa an biya shi kuɗin aikinsa sau ɗaya an sallame shi. Fuskar jarumi ce a jikin fosta, shi ake bi a titi, shi 'yan mata ke rubuta wa wasiƙa, shi ake gayyata wasan sallah a Yamai da Maradi da Kumasi. Yara kan ce "waƙar wane" suna nufin ɗan wasan da ya motsa baki. Mawaƙa mata irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba sun daɗe muryoyinsu na cikin kowane gida kafin yawancin masu sauraro su san kamanninsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Mawaƙi Ya Fito Fili

Idan aka fahimci wannan, ba za a yi mamakin abin da ya biyo baya ba. Mawaƙi ya ce tunda fuska ake biya, to, shi ma Allah ya ba shi tasa. Wasu tun farko suka haɗa taura biyu a baki, kamar Sani Danja da Adam A. Zango da Misbahu M. Ahmad, waɗanda aka san su da waƙa da wasa gaba ɗaya. Wasu kuma sai da suka yi suna a waƙa sannan suka tsallaka. Umar M. Shareef ya daɗe yana ba jarumai murya kafin Ali Nuhu ya sa shi a gaba a fim ɗin Mansoor a 2017. Ado Gwanja ya yi suna a barkwancin fim da kuma waƙoƙin biki na mata. Naziru M. Ahmad ya fito a Labarina, shiri mai dogon zango na Aminu Saira.

A cikinsu akwai waɗanda suka iya, ba a hana su haƙƙinsu. Amma duk ɗalibin da ya ɓata dare a ɗakin kallo ya san akwai wani nau'in fim da za a iya kira fim ɗin mawaƙi, kuma alamominsa ba su ɓuya. Jarumi talaka ne, amma takalminsa ya fi kuɗin makarantar zango guda. Yana son 'yar mai kuɗi, uban ya rantse ba zai ba mawaƙi 'yarsa ba. Idan aka ce masa mahaifiyarsa ba lafiya, fuskarsa ɗaya ce da lokacin da aka ce masa ya ci gasa. Da zarar magana ta ƙare masa sai a ji fiyano ya tashi, sai ga shi a bakin ruwa, alhali yanzun nan yana tsakar gida. Kafin waƙa ta ƙare ya sauya riga sau 5, ita ma yarinyar haka, ba a ga tela ba, ba a ga akwati ba. A ƙarshe uban yarinya ya ji wata waƙa a rediyon motarsa, hawaye su zubo masa, a ɗaura aure. Mai kallo ya tashi bai riƙe komai ba sai amshi.

Shahara kuma ta zo da nata kayan ado. Ga tabarau cikin dare. Ga yara masu riƙe waya da masu buɗe ƙofar mota, waɗanda suka maye gurbin 'yan amshi, sai dai su ba su amsa komai sai "haka ne, oga". Aikin sanƙira ya koma Instagram da TikTok, inda tauraro yake yi wa kansa kirari da kansa, yana ƙirga mabiya kamar yadda Bafillace ke ƙirga shanu. Zambo ma bai mutu ba, ya dai rasa azanci: maimakon a zana mutum da hikima, sai a kunna waya a yi habaici na minti 10, magoya baya su kwana suna zage-zage.

Ba a kuma sha wannan shahara a ruwan sanyi ba. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoban 1999, Kano ta bi sahu a 2000, ta kuma kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Rawa da waƙa tsakanin mace da namiji su ne suka fi tsone wa malamai ido. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowa a bidiyon waƙar ClassiQ, mawaƙin Jos. Muddin murya ce kawai, ba a cika damuwa ba. Da jiki ya fito fili, sai aka ɗauko bulala.

'Yan Kama da Ibro

Bahaushe bai taɓa barin mai suna ya sha iska shi kaɗai ba. Tun zamanin da akwai 'yan kama, waɗanda sana'arsu ita ce su ɗauki waƙar babban makaɗi, su bar karinta yadda yake, su cire sarki su sa tuwo, su cire mayaƙa su sa ƙosai da fura. Suna kwaikwayon tsayuwar makaɗin da gyaran muryarsa, kasuwa ta yi ta dariya. Wannan ba'a tana da amfani, domin tana tuna wa makaɗi cewa duk tsawon kirari, ciki ne ya fito da shi daga gida.

A zamanin bidiyo, Rabilu Musa Ibro ne ya gaji wannan aiki. Ya yi Ibro Awilo yana kwaikwayon Awilo Longomba, mawaƙin Kwango wanda rawarsa ta ruɗa samari a lokacin. Ya yi Ibro Ɗan Indiya yana wasa da haukan da muke yi a kan Indiyawa. Da ya fito da irin shigar taurari a kan siririn jikinsa, yana murguɗa baki yana karairaya, sai kowa ya ga abin da ake yi a sauran finafinai da gaske, ya gane ashe abin dariya ne. Shi ma bai tsira ba, an ɗaure shi a Kano a 2008 a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a Disambar 2014, kuma duk mai son ya san yadda talaka ya kalli taurarin wancan zamani, to, ya nemi finafinansa.

Kammalawa

Kada mai karatu ya zaci ina cewa da can komai lafiya lau ne. Makaɗin fada, duk hikimarsa, maroƙi ake kiransa, kuma gidaje da yawa ba su ba shi aure. Bakinsa ba nasa ba ne, abin da ubangida ke so shi yake faɗa. Yaron da yau ya ɗauki waƙarsa ya sa a YouTube, ya ci abinci da ita ba tare da ya durƙusa wa kowa ba, ya samu wani 'yanci da Narambaɗa bai samu ba. Kuma wanda aka ɗauke wa murya aka ba wani, ba a ce ya yi laifi don ya biyo sawun kayansa.

Amma akwai hasara, kuma mu ɗaliban Hausa ya kamata ta fi damu. Makaɗin da ya san kunne kaɗai zai yi masa hukunci, dole ya wahala a kan kalma. Shi ya sa waƙoƙin Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka cika da karin magana da tarihi da sunayen garuruwa da tsofaffin kalmomin Zamfara, har malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka samu abin nazari na shekaru. Mawaƙin da ya san riga da mota da lambu za su rufa masa asiri, me zai sa ya hana kansa barci a kan baiti? Ina ƙalubalantar 'yan wannan ƙungiya: a ɗauki waƙoƙin fim 10 na bana, a kashe hoto, a rubuta kalmomin a takarda, a kawo mu karanta a taronmu na gaba. Wadda ta tsaya da ƙafarta mu yaba mata, mu kuma rubuta sunan wanda ya yi ta, ba na wanda ya motsa baki ba.

Game da addu'ar dattijon Janbako kuwa, da alama an karɓa. Dauda Kahutu Rarara ya yi suna da waƙoƙin Muhammadu Buhari a zaɓen 2015, kuma duk kakar zaɓe za a ga taurarin waƙa da na fim sun yi layi a bayan 'yan takara, ana raba motoci kamar yadda sarakuna ke raba dawaki. A 2018 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa, wato tauraron zamani ya koma fada ya durƙusa aka naɗa masa rawani. In na koma Janbako zan gaya wa dattijo ya kwantar da hankalinsa, marayun nan da yawansu sun samu iyayen gida. Abin da zan roƙe shi ya ƙara a addu'a shi ne, Allah ya ba su kalmomin da za su kai shekara 50 ana saurare. Wassalam.